Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Wanda Ya Sa Wa Labaran Baƙi Rigar Hausa

An haifi Alhaji Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Mahaifinsa alƙali ne, saboda haka da karatun Larabci ya buɗe ido. Daga baya ya bi wansa Malam Bello Kagara zuwa Katsina, inda ya shiga Kwalejin Horon Malamai a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil.

A wancan zamani 'yan makaranta sun iya karatun boko, amma ba su da littattafan nishaɗi da za su karanta. Don haka a 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙaga labari. Malam Abubakar ya aika da Ruwan Bagaja, wanda ya aro salonsa daga Maƙamatul Hariri, ya cika shi da ban dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ɗana wa juna tarko.

A 1936 aka kira shi Zariya na wata shida, aka tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai. Daga cikinsu ya tsamo Magana Jari Ce, littafi uku, inda aku ke riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da hira don kada ya faɗa hannun mugun waziri. Soyayyar Kamaruzzaman daga Dare Dubu da Ɗaya ta fito. Labarin Kalala da Kalalatu kuwa tatsuniyar Jamus ce ta wata kuku mai kwaɗayi, amma marigayin ya mai da ita matar aure wadda ta cinye kajin baƙo, sa'an nan ta haɗa shi tsere da mijinta.

Gwanintarsa ita ce ba ya barin labari da ƙamshin baƙunta. Yakan sake masa suna da gari da tufafi da karin magana, har yaron da ya karanta shi a firamaren Bichi ko Ɗambatta, bayan an taso daga gona, ya ɗauka a ƙauyensu abin ya faru. Ta haka aro ya zama gado.

A Janairun 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko. A 1943 ya ziyarci Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifi littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa.

Ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.