SARKIN KATSINA ALHAJI USMAN NAGOGO, GWANIN ƘWALLON DOKI

Ran 18 ga watan Maris 1981 Allah ya yi wa Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo rasuwa, bayan ya shekara 37 a kan gadon sarauta. Labarin mulkinsa sananne ne ga jama'ar Arewa. Amma akwai wani muƙami da ya riƙe wanda ba a naɗa wa mutum rawaninsa a fada, watau zamansa gwani na farko a ƙasar nan wajen wasan ƙwallon doki, wanda Turawa ke kira folo. A kan wannan muka yi nufin ba masu karatu tarihinsa, domin akwai abin lura a ciki ga kowane mai riƙe da aikin jama'a.

An haifi Usman Nagogo a Katsina cikin 1905. Ubansa shi ne Muhammadu Dikko, wanda ya ke riƙe da sarautar Durbi a lokacin. A ƙarshen 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero suka ba Dikko sarautar Katsina, mulki ya fita daga gidan Dallazawa ya koma gidan Sulluɓawa. Saboda haka Nagogo ya yi wayo ya tarar da ubansa sarki. Ya fara da karatun Alkur'ani da na littattafan addini kamar kowane ɗan Musulmi, sa'an nan aka sa shi makarantar boko ta lardi a nan Katsina.

Sarki Dikko mutum ne mai son ganin abin da duniya ke ciki. Cikin 1921 ya tafi aikin hajji, ya biya ta Ingila ya gana da Sarki Joji na Biyar. A zamaninsa ne kuma Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922. Ban da wannan, Dikko ma'abucin dawaki ne, mai kiwonsu da sa su sukuwa. A sa'an nan ƙwallon doki wasan hafsoshin soja ne da joji-joji, suna yinsa a Ikko tun 1904, daga baya kuma a Kaduna da sauran barikoki. 'Yan ƙasa kuwa nasu riƙon linzami ne da kallo daga gefen fili. Da Dikko ya ga wasan ya gane amfaninsa, sai ya sa aka share fili a Katsina, ya ba da dawaki daga bargarsa, ya umurci 'ya'yansa da samarin gidansa su koya. Daga nan ƙungiyar Katsina ta samo asali.

Ya kamata mu bayyana yadda wasan ya ke, don wanda bai taɓa gani ba. Kowane gefe mahaya huɗu ne, an ba su lamba daga 1 zuwa 4. Na ɗaya shi ke gaba wajen neman ci, na huɗu shi ke tsaron baya, na uku kuwa galibi shi ne mafi gwaninta, shi ke rarraba ƙwallo yana sarrafa sauran. Tsawon filin yadi 300 ne. A kowane ƙarshe akwai turaku biyu, tsakaninsu yadi 8, ta nan a ke zura ƙwallo. Kowane mahayi yana riƙe da doguwar sanda mai kai kamar guduma, a hannun dama kaɗai, linzami kuwa a hagu. Ana yin wasan zango-zango, kowane zango minti 7, sa'an nan a sake dawaki, gama ba dokin da zai jure wannan sukuwa da juyi daga farko har ƙarshe.

Mutanen Argungu da Birnin Kebbi, waɗanda suka san doki tun zamanin Kanta, za su gane dalilin da ya sa Katsinawa suka kama wasan nan da wuri. Yaron da ya tashi a gidan sarauta ya saba da kilisa da hawan salla. Ya iya jahi, watau ya sako doki a guje ya tsai da shi cik a gaban sarki. Wannan tsayawa da juyawa farat ɗaya ita ce rabin ƙwallon doki. Abin da ya rage shi ne koyon bugu, da kiyaye dokokin fili, da sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gama mahayin da ya riƙe ƙwallo shi kaɗai don a yabe shi, ƙungiyarsa ce ke shan kashi.

A cikin samarin da Dikko ya tara, Nagogo ne ya yi fice. Ga yadda a ke gane haka. A wasan nan kowane ɗan wasa yana da awo, daga 2 ƙasa da sifiri har zuwa 10. Shugabannin wasa ne ke zama su duba hawan mutum, da bugunsa, da hankalinsa a fili, su yanka masa lambar da ta dace da shi, kuma suna iya ƙara ta ko su rage. Masu 10 'yan kaɗan ne a duniya duka, yawancinsu mutanen Ajantina. Nagogo ya kai 7, matsayin da ba wani ɗan Nijeriya da ya taka a zamaninsa. Wannan lamba ba ta bin jini. Da ɗan sarki da ɗan mai yankan ciyawa ma'auninsu ɗaya ne, gama doki bai san rawani ba, ƙwallo kuma ba ta jin kirari.

Awon nan yana da wani amfani kuma. Idan ƙungiya biyu za su kara, sai a tara lambobin mahayan kowane gefe. Wadda jimlarta ta gaza, a ba ta rarar ci tun kafin a jefa ƙwallo, don kada mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi kullum har jama'a su daina zuwa kallo. Mutanen Amurka ma sun gamu da wannan matsala a irin tasu ƙwallon, wadda a ke runguma a hannu a yi ta ture-ture, mutum 11 a kowane gefe. Ƙungiyoyi masu kuɗi su ke kwashe gwanayen da suka fito daga jami'o'i. Sai wani mai ƙungiya a birnin Filadelfiya, sunansa Bert Bell, ya kawo shawara a riƙa zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi, ƙungiyar da ta zo ƙarshe bara ita ce za ta fara ɗauka. An fara haka cikin 1936, har yanzu kuwa a kansa a ke. Ta wannan hanya ce ƙungiyar birnin Kansas ta ɗauki Christian Okoye, haifaffen Inugu, cikin 1987.

Katsina ba ta bi hanyar zaɓe daga waje ba. Renon 'yan wasanta ta yi a gida, daga barga zuwa fili, ƙane yana koyo wurin wa, ɗa yana koyo wurin uba. Da wannan reno ta fita ta kara da ƙungiyoyin Turawa na soja da na 'yan kasuwa. Babban abin takara a ƙasar nan shi ne Kofin Jojiya, wanda a ke bugawa a Kaduna tun 1919, Katsina kuwa ta ɗauke shi sau da yawa. A zamanin da Bature ke ganin ba abin da baƙin mutum zai fi shi, cin nan ba ƙaramin abu ba ne. An yi shi a bainar jama'a, da dokokin da Turawan suka kawo da kansu, ba kuwa mai iya musu.

Kada a zaci wasa ya hana Nagogo aiki. Cikin 1929 aka ba shi Wakilin Doka, watau shugaban 'yan dokar En'e ta Katsina. Cikin 1937 ya zama Magajin Gari, hakimin birni. Da Sarki Dikko ya rasu cikin 1944 aka zaɓe shi ya gaje shi, Gwamna Richards ya ba shi sanda ran 19 ga watan Mayu na wannan shekara. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare ya tafi har Indiya da Bama ya gai da sojan Nijeriya da ke bakin daga. Cikin 1952 ya shiga Majalisar Ministoci ta Ikko, Minista marar ofis, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Kashim Ibrahim. Ya zauna kuma a Majalisar Sarakuna ta Kaduna, wadda Sarkin Gwandu Haruna ya shugabanta. Daga baya Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Duk da nauyin nan bai rabu da fili ba, har ƙungiyar ƙwallon doki ta Nijeriya ta naɗa shi shugabanta na muddin rai.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Muhammadu Kabir, wanda ya gaje shi cikin 1981 ya yi sarauta har 2008, sanannen ɗan wasa ne. Haka kuma Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya rasu cikin 1995, ya yi suna a wasan ƙwarai, har yau akwai kofin da a ke takara a kansa da sunansa. Har yau ana bugu a Katsina, wasan kuma ya bazu a garuruwan Arewa, har Argungu an kafa masa fili.

Amma renon gida yana da haɗarinsa. Ƙungiyar da ta dogara ga gida ɗaya, ƙarfinta yana ga samun magada masu himma, ga shi kuwa ba kowane ɗa ke gadon halin ubansa ba. Doki kuma dabba ce mai tsada, yaron talaka ko da ya fi kowa iya hawa ba zai shiga fili ba sai wani mai hali ya ɗora shi. Abin da ya tsare sunan Katsina shi ne, waɗanda aka ɗora sun yarda a auna su da ma'aunin kowa.

Wannan shi ne abin da ma'aikata da malaman makaranta za su ɗauka daga tarihin Nagogo. Haihuwa ta ba shi doki da fili, amma lambar 7 guminsa ne ya ba shi. Wanda aka ba amanar ɗaukar akawu, ko zaɓen yaran da za su wuce gaba da karatu, ko shirya 'yan wasan makaranta, ya kamata ya buɗe ƙofa ga ɗan kowa, sa'an nan ya auna su da mudu ɗaya. Allah ya ji ƙan Sarki Usman Nagogo, ya kyauta makwancinsa, amin.