Tarihin Barbara McClintock

An haifi Barbara McClintock ne ranar 16 ga watan Yunin 1902 a birnin Hartford da ke jihar Connecticut ta Amurka, kuma mahaifinta likita ne.

Ta shiga Jami'ar Cornell a 1919, duk da fargabar da mahaifiyarta ta yi cewa zurfin karatu zai hana ta samun miji. A can ta sami digirin digirgir a fannin ilmin tsirrai a 1927.

Masara ce ta zame mata abin nazari har ƙarshen rayuwarta. Ita ce ta fara tantance kamannin zaruruwa 10 da ake kira kuromosom, waɗanda ke ɗauke da ƙwayoyin gado na masara.

A 1931, ita da ɗalibarta Harriet Creighton suka tabbatar da cewa waɗannan zaruruwa kan yi musayar sassa a tsakaninsu, abin da ke cuɗa halayen da 'ya'ya ke gada daga iyaye.

Ta koyar a Jami'ar Missouri daga 1936, amma da ta ga babu alamar za a ƙara mata girma, sai ta koma cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da ke jihar New York a 1941.

Ƙwayoyin gado masu tsalle

A can ne ta duƙufa wajen gano dalilin da ya sa wasu 'ya'yan masara ke fitowa da ɗige-ɗigen launi.

Ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado kan tashi daga mazauninsu su koma wani wurin. Idan suka faɗa cikin ƙwayar gadon da ke samar da launi, sai launin ya ɗauke. Idan suka fice yayin da tsabar ke girma, sai ya dawo a wani sashe nata kawai. Ficewa da wuri kan bar babban tabo, ta makare kuma ƙaramin ɗigo.

A lokacin masana sun yi imanin cewa kowace ƙwayar gado tana da mazauni guda da ba ta barinsa. Don haka da ta gabatar da sakamakon a wani taro a 1951, akasarinsu ba su gamsu ba. Daga 1953 ta daina wallafa bayanai a kan batun, ko da yake ba ta daina binciken ba.

Sai a shekarun 1960 da 1970 aka gano irin waɗannan ƙwayoyin gado a jikin bakteriya, inda suke taimakawa wajen yaɗa bijire wa magunguna, daga baya kuma a jikin ƙudaje da sauran dabbobi.

An ba ta lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1983, tana da shekara 81. Ita ce mace ta farko da ta karɓi lambar a wannan fanni ita kaɗai.

Ta rasu ranar 2 ga watan Satumban 1992 tana da shekara 90, ba ta taɓa aure ba.

Bayan rasuwarta, taswirar ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka wallafa a 2001 ta nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 sun samo asali ne daga masu tsallen. A masara kuwa, binciken 2009 ya nuna sun kai kusan kashi 85.