Nguyen Phan Chanh, mai zanen da ya kai matan kasuwar ƙauye birnin Paris

Masu karatu, yau filin namu na tarihin mashahuran mutane zai leƙa ƙasar Biyetnam, can gabashin duniya, kudu da ƙasar Sin. Wasu ƴan kasuwarmu sun taɓa ganin sunan ƙasar a jikin buhun shinkafa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne ita ma Faransa ta mulke ta kamar yadda ta mulki Nijar. Har ma akwai gwamna guda da muka yi tarayya da su, wato Martial Merlin, wanda ya riƙe ƙasashen Afirka ta Yamma daga Dakar tsakanin 1919 da 1923, kafin a tura shi Hanoi. Shi ne ya sa hannu cikin watan Oktoba na 1924 bisa takardar kafa makarantar koyon zanen hotuna ta Indoshin. Mutumin da za mu ba ku tarihinsa yana cikin ɗaliban farko na wannan makaranta. Sunansa Nguyen Phan Chanh, amma za mu kira shi Chanh, tunda mutanen ƙasarsa da sunan ƙarshe suke kiran mutum.

An haife shi a 1892 a jihar Ha Tinh, tsakiyar ƙasar, yanki mai fama da ambaliya da talauci. Gidansu gidan malamai ne masu karatun Sinanci irin na da, akwai ilimi amma babu dukiya. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. Ya koyi rubutu da tawada da alƙalamin gashi, kuma tun yana saurayi yakan zana hotuna ya kai kasuwa ya sayar don ya taimaka wa mahaifiyarsa da cefane. Ke nan kafin ya san wani abu wai shi makarantar zane, ya riga ya san zaman kasuwa da jiran mai saye.

Karatun Sinancin da ya yi bai kai shi ko'ina ba, domin zuwa 1919 an soke tsohuwar jarabawar da ake ɗaukar ma'aikatan sarki da ita. Sai ya koma makarantar horon malamai a birnin Hue, ya gama a 1922, ya fara koyar da yara a wata firamare ta birnin.

To, a daidai wannan lokaci akwai wani Bafaranshe mai zane a Hanoi, Victor Tardieu, mutumin birnin Lyon, wanda ya iso ƙasar a 1921. Ya haɗu da wani saurayi ɗan ƙasa mai suna Nam Son, su biyun suka dage har gwamnati ta yarda da buɗe makarantar. Kafin nan masu zane a Biyetnam masu sana'ar hannu ne kawai. Suna ƙawata wuraren ibada, suna buga hotunan takarda da ake sayarwa lokacin bikin sabuwar shekara, kamar na ƙauyen Dong Ho, kuma ba kasafai mutum ke sa sunansa a jikin aikinsa ba. Makarantar Tardieu ce ta kawo tsarin Turai: shekara 5 ana karatu, ana koyon ƙirar jikin ɗan Adam, da yadda ake nuna nesa da kusa a kan shafi, da fentin mai, da fita waje a zana abin da ido ya gani.

Da aka buɗe a 1925, mutum 10 kacal aka ɗauka, Chanh na ciki. Shekarunsa 33, alhali abokan ajinsa irin su Le Pho da Mai Trung Thu ba su kai 20 ba, kuma ƴaƴan manya ne da suka tashi da Faransanci a baki. Shi kuwa baƙauye ne mai doguwar riga irin ta gargajiya. Fentin mai bai karɓe shi ba, hannunsa ya saba da tawada. Da wani malami ne mai gajen haƙuri, da ya kore shi. Tardieu bai yi haka ba. Yana nuna wa ɗalibansa tsofaffin hotunan Sin da Japan, yana ƙarfafa musu gwiwa su gwada kayan aikin yankinsu, kuma shi ya karkata Chanh zuwa ga yin hoto a kan yadin siliki, wato alharini. Wajen 1929 Chanh ya samu hanyarsa.

Masu rini za su fi kowa gane yadda yake aikin. Yakan ɗaure farin siliki a kan katako, ya shafa launin ruwa sama sama, ya bari ya bushe, sannan ya wanke da ruwa. Ya sake shafawa, ya sake wankewa, sau da yawa, har launin ya shige cikin zaren ya zauna kamar rini, saƙar yadin kuma tana nan ana ganinta. Kuskure ɗaya ya isa ya ɓata aikin makonni, don siliki ba ya yarda a rufe kuskure da wani fenti. Launukansa ba su da yawa: ruwan ƙasa, ruwan makuba, baƙi, da ɗan fari. Launukan tufafin manoman ƙasarsa ke nan. A gefen hoton yakan yi rubutu da haruffan Sin, ya buga jan hatimi. Amma yadda yake tsara mutanen cikin hoton da yadda yake auna jikinsu, wannan daga ajin Tardieu ya samo shi.

Su wa yake zanawa? Mai sayar da katantanwa. Mai sayar da shinkafa. Mata masu ɗinki. Mace tana wanke ganyen miya a bakin tafki. Yarinya tana ba tsuntsu abinci. Wanda ya fi shahara, na 1931, yara huɗu ne tsugune a ƙasa suna wani wasan tsakuwa da ake zana wa gidaje a ƙasa, wanda duk wanda ya san dara zai ga kamanninsa. A ganinmu nan ne darajar mutumin take. Faransawa na son hotunan ƴan mata masu ado a cikin lambu, abokan ajinsa da dama sun ba su abin da suke so. Shi ya zana mutanen da ya tashi a cikinsu, suna aikinsu, kansu a sunkuye, ba su ma kallon mai kallonsu.

Ya gama makaranta a 1930. A 1931 aka yi babban baje kolin ƙasashen mulkin mallaka a Paris, inda Faransa ta tara kayan ƙasashen da take mulka, har da rumfar Afirka ta Yamma da aka gina da siffar ginin ƙasa irin namu. Tardieu ya aika da ayyukan ɗalibansa, hotunan Chanh suka ja hankalin jama'a aka saye su, kuma mujallar L'Illustration ta buga wasu a 1932. Kada a manta da manufar bikin: Faransa na son nuna wa duniya cewa mulkinta alheri ne. A watannin 1930 da 1931 ɗin nan sojojinta suna murƙushe boren manoma a jihohin Nghe An da Ha Tinh, mahaifar Chanh. Hotunan ƙauyawa masu natsuwa suna rataye a Paris, ƙauyawan kansu ana harbinsu a gida.

Tardieu ya rasu a Hanoi a 1937. Wanda ya gaje shi, Evariste Jonchere, ya fi karkata ga horar da masu sana'ar hannu, abin da ya ɓata wa tsofaffin ɗalibai rai. Le Pho da Mai Trung Thu suka tafi Faransa, can suka zauna har mutuwa. Chanh ya koma Ha Tinh. An rufe makarantar a 1945 bayan sojojin Japan sun kifar da mulkin Faransawa. Cikin shekara 20 ɗalibai ɗari da ƴan kai kawai ta yaye, amma kusan duk manyan masu zanen ƙasar na ƙarni na 20 daga cikinta suka fito, kamar Nguyen Gia Tri da ya mayar da tsohuwar sana'ar shafa wa katako ƙaron itace ta zama hanyar yin hoto, da Bui Xuan Phai mai zanen tsofaffin titunan Hanoi. Wani ɗalibinta, To Ngoc Van, shi ya jagoranci makarantar zane ta masu yaƙi da Faransa a cikin daji, aka kashe shi a 1954 kusa da Dien Bien Phu.

Lokacin yaƙin neman ƴanci Chanh yana jiharsu yana zana hotunan faɗakar da jama'a. A 1955 ya dawo Hanoi ya koyar a makarantar da aka sake buɗewa, daga baya ya zama ɗan majalisar dokoki. Gwamnatin gurguzu na son hotunan manoma da ma'aikata, shi kuwa dama su yake zanawa, don haka bai sha wahalar da wasu suka sha ba. Masana da dama dai na ganin ayyukansa na farkon shekarun 1930 sun fi na baya ƙarfi. Ya rasu a Hanoi cikin watan Nuwamba na 1984 yana da shekara 92, kuma a 1996 aka ba shi lambar yabo ta Ho Chi Minh, mafi girma a ƙasar a fannin fasaha.

Saura batun kuɗi, wanda ƴan kasuwa za su so ji. Wani mutum a Ingila ya kai hoton mai sayar da shinkafa na 1932 kamfanin gwanjo na Christie's a Landan. Saboda rubutun Sinancin da ke jiki aka ɗauka wani hoton Sin ne maras asali, aka yi masa kuɗi fam 50, abin da bai kai jikka 40 ba. Da masana suka gane na Chanh ne, aka kai shi Hong Kong, a watan Mayu na 2013 aka sayar da shi dalar Amurka 390,000, kusan miliyan 200 na sefa. A 2020 hotonsa na mata masu ɗinki ya haura dalar Amurka miliyan 1, a 2021 kuma wani hoton Mai Trung Thu ya kai miliyan 3.1.

Inda kuɗi ya yi yawa, jabu ba ya nisa. Lokacin da jiragen Amurka ke ruwan bama-bamai, gidan adana hotuna na Hanoi ya ɓoye na asali ya sa aka yi kwafinsu, daga baya wasu suka cakuɗe har ana gardamar wanne ne na gaskiya. A 2016 wani gidan adana hotuna a birnin Ho Chi Minh ya nemi gafarar jama'a bayan an gano cewa hotuna 17 da ya baje, waɗanda aka ce an dawo da su daga Turai, babu ko ɗaya da ya tabbata aikin wanda sunansa ke jiki ne. Makarantar kuwa tana nan a titin Yet Kieu na Hanoi da sunan Jami'ar Zane ta Biyetnam, ta cika shekara 100 a 2025, kuma har yanzu ana koyar da zane a kan siliki a cikinta.