Malam Jibrilu ɗan Umaru

Kusa da Madawa, cikin jihar Tawa, akwai wani gari da ake kira Arewa. Can kushewar Malam Jibrilu ɗan Umaru take. Ya rasu yau fiye da shekara 200, amma ba a manta da shi ba.

Malam Jibrilu mutumin Adar ne. A zamaninsa, sarautar Adar tana hannun jikokin Agabba, ɗan sarkin Agadas. Ayari yana kai da kawowa tsakanin Adar da Abzin, malamai da almajirai suna bin sa. Haka Malam Jibrilu ya je Agadas, ya zauna yana karantarwa. Sau 2 ya tafi aikin hajji. A Alƙahira, babban birnin Masar, ya sadu da wani shahararren malami, Murtala Zabidi, ya karɓi izinin karantarwa daga wurinsa.

Malam Jibrilu ba ya ɓoye abin da ke cikin ransa. Ya ga mutane suna salla, amma suna cin dukiyar marayu. Ya ga waɗansu suna auren mata fiye da 4. Bai yi shiru ba. Ya yi wa'azi a fili, bai ware talaka ba, bai ware basarake ba. Wa'azin ya yi wa manya zafi, har zaman Abzin ya gagare shi.

Cikin almajiransa akwai Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, da ƙanensa Abdullahi. Usmanu ya bi malaminsa har Agadas. Ya so ya raka shi Makka, amma ba shi da izinin mahaifinsa, sai ya komo gida.

Akwai magana guda da ta raba malami da almajiri. Malam Jibrilu yana ganin wanda ya dinga aikata manyan zunubai ya fita daga Musulunci. Shehu Usmanu bai yarda da haka ba. A wurinsa, irin wannan mutum mai saɓo ne, amma Musulmi ne. Maganar ba ƙarama ba ce, don a zamanin nan wanda aka ce ya bar addini ana iya yaƙarsa, a kama shi bawa. Shehu bai tsaya gunaguni a ɓoye ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta hujjojinsa, kowa ya karanta. Duk da haka bai raina malaminsa ba. Shi da Abdullahi sun yi waƙoƙi suna yabonsa.

Malam Jibrilu bai ga jihadin 1804 ba, ya riga ya rasu. Amma ya bar wa almajiransa gado: faɗin abin da suka yi imani da shi, ko a gaban sarki, ko a gaban malaminsu.

Tambayoyi

1. Ina kushewar Malam Jibrilu take?
2. Me ya hana Usmanu tafiya Makka?
3. A kan wace magana Shehu ya saɓa wa malaminsa? Don me maganar take da nauyi?
4. In ba ka yarda da maganar wani babba ba, yaya za ka faɗa masa?