Dokta Gerald Bull, Maƙerin Babbar Igwa

Duk wanda ya tashi a birnin Sakkwato ya ji labarin ranar Giginya daga bakin tsofaffi. Ran 15 ga watan Maris 1903 ne rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta ja daga a bayan gari, sojan Turawa suka buɗe mata wuta da igwa da bindiga mai ruwa, ba a daɗe ba aka watse. Waɗanda suka ƙera makaman nan ba su taɓa ganin Sakkwato ba, amma aikin hannunsu ya juya al'amarin ƙasar nan baki ɗaya. Yau za mu kawo wa masu karatu tarihin wani maƙeri irin waɗannan, mutumin Kanada, wanda ya ƙare ransa yana neman ya gina igwar da za ta harba tauraron ɗan Adam cikin sararin samaniya. Bai sami biyan bukata ba, kuma neman nan ne ya yi sanadin ajalinsa.

Ƙuruciyarsa Da Karatunsa

An haifi Gerald Bull ran 9 ga watan Maris 1928 a garin North Bay cikin lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ubansa lauya ne mai abin hannu, amma karyewar arzikin da ta auku a duniya cikin 1929 ta raba shi da dukiyarsa. A cikin 1931 uwarsa ta rasu, yana ɗan shekara 3, gidan ya watse, ya koma hannun dangi. Su ne suka sa shi makarantar kwana ta 'yan Katolika a garin Kingston. Yana da shekara 16 ya shiga Jami'ar Toronto, ya koyi aikin injiniya na jiragen sama, a cikin 1951 kuwa ya sami digirin Dokta yana ɗan shekara 23 tak.

Daga nan Gwamnatin Kanada ta ɗauke shi aiki a ma'aikatarta ta binciken makamai da ke Valcartier, kusa da birnin Quebec, inda ake ƙoƙarin ƙera wani makami mai linzami. Al'adar masana ita ce su sa ƙaramin samfurin makamin cikin wani babban bututu, a hura masa iska mai tsananin gudu, a ga yadda zai yi. Gina irin wannan bututu yana cin kuɗi ƙwarai. Sai aka koma ga wata dabara mai araha, watau a ɗura samfurin cikin tsohuwar igwa a harba shi, a ɗauki hotonsa yana tafiya. Bull ya gwanance da wannan aiki har ya yi suna. Sai dai mutum ne mai zafin rai, ba ya haƙuri da jan ƙafar ofis, ba ya kuma ɓoye raininsa ga shugabannin da yake ganin ya fi su sani. A cikin 1961 ya bar aikin Gwamnati ya koma Jami'ar McGill a birnin Montreal.

Dalilin Son Igwa

Ya kamata mu bayyana abin da ya sa mutum mai ilmi haka ya ɗora ransa a kan igwa. Tun da Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko ran 4 ga watan Oktoba 1957, da roka ake kai kowane tauraro sama. Roka kuwa tilas ta ɗauki manta ta tafi da shi, har ya zama mafi yawan nauyinta man ne, sa'an nan a wancan zamani in an harba ta sau ɗaya ta tafi ke nan. Igwa tana nan a ƙasa, albarushinta a cikinta yake ƙonewa, gobe ma a sake ɗura ta. Saboda haka Bull ya ga ƙasar da ba ta da ƙarfin Amurka ko Rasha tana iya samun hanyar sama da kuɗi kaɗan.

Akwai kuma abin da ya gabata wanda ya ƙarfafa masa zuciya. A cikin 1918 Jamusawa sun yi ta jefa harsashi cikin birnin Paris daga nisan mil 75, watau fiye da tsakanin Sakkwato da Argungu. Bull ya bi diddigin igwar nan shekara da shekaru, har shi da abokin aikinsa Charles Murphy suka wallafa littafi a kanta cikin 1988.

Amma akwai cikas. Kafin abu ya zauna yana kewaya duniya bai faɗo ba, sai gudunsa ya kai wajen mil 5 cikin daƙiƙa ɗaya, albarushi kuwa ba ya ba da ko rabin wannan. Har wa yau, abin da aka harba daga ƙasa, in ba a karkata shi can sama ba, ƙasa zai komo. Don haka dole harsashin ya zama yana ɗauke da ƙaramar roka wadda za ta kama bayan ya fita daga cikin iska, kuma dole na'urorin cikinsa su jure bugun harbi wanda ke iya farfasa su.

Igwar Barbados

Da taimakon sojan Amurka da Gwamnatin Kanada, Bull ya kafa aikin da aka sani da sunan HARP a tsibirin Barbados. Aka ba shi tsofaffin igwogin jiragen ruwan yaƙi masu faɗin baki inci 16. Ya fara harbi cikin watan Janairu 1963, daga baya ya haɗa bututu biyu ya zama ɗaya mai tsawon ƙafa wajen 120, aka ta da bakinta sama tana fuskantar Tekun Atlantika. Harsasan suna ɗauke da na'urorin auna iska da yanayin sama. A cikin watan Nuwamba 1966 wata 'yar'uwar igwar nan da ke Yuma, cikin hamadar Arizona ta Amurka, ta cilla harsashi sama har mil 111, tazarar da ta fi ta Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Har yau ba a sami igwar da ta wuce wannan ba.

Ana cikin murnar haka, sai kuɗi ya yanke. Amurka ta shagala da yaƙin Vietnam, masananta kuma sun fi amincewa da roka, a Kanada ma Bull ya tara maƙiya a ofisoshi. A cikin 1967 aka rufe aikin, tauraro ko ɗaya bai hau ba. Igwar tana nan yashe a bakin teku a Barbados, tsatsa na cinta.

Cinikin Makamai

Daga nan ne hanyarsa ta karkace. Ya kafa kamfaninsa mai suna Space Research Corporation a wani fili da ya ratsa iyakar Kanada da Amurka, da niyyar ya riƙa sayar da ilminsa ga sojojin ƙasashe, ribar kuwa ya tara don babbar igwa. Ya gyara siffar harsashi mai faɗin milimita 155, ya kuma fito da wata igwa, GC-45, mai jifa har wajen mil 24, nisan da igwogin manyan ƙasashe na lokacin ba sa kai wa.

Cikin masu neman hajarsa har da Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda sojanta suka shiga Angola cikin 1975 suka tarar makaman abokan gabansu sun fi nasu nisan jifa. Masu karatu za su tuna Nijeriya, a zamanin Janar Murtala Muhammed, ta goyi bayan Gwamnatin Angola a wannan rikici. Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi ƙasashe tun 1963 su daina sayar wa Afirka ta Kudu makamai, a cikin Nuwamba 1977 kuma ta mai da hanin ya zama tilas. Duk da haka kamfanin Bull ya aika da dubban harsasai ta tsibirin Antigua a ɓoye, tare da fasalin igwarsa. A kan wannan fasali aka gina igwar G5, wadda aka yi ta ɓarin wuta da ita a kudancin Angola.

Da asiri ya tonu, aka gurfanar da shi gaban shari'a a Amurka cikin 1980, ya amsa laifi, aka ɗaure shi 'yan watanni, kamfaninsa ya karye. Ya fito cike da ɓacin rai, domin a ganinsa akwai jami'an Amurka da suka san da cinikin tun farko, suka zame suka bar shi. Ya tattara ya koma birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, ya shiga yi wa ƙasar Sin aiki, sa'an nan Iraƙi, wadda ke yaƙi da Iran tun 1980.

Aikin Babila

A cikin 1988 Gwamnatin Saddam Husaini ta yarda ta biya kuɗin abin da ya daɗe yana nema. Aka sa wa aikin sunan Babila, tsohon birnin nan na Iraƙi wanda malamanmu suka sani a ƙissar Haruta da Maruta cikin Suratul Baƙara, inda ilmi ya zama jarrabawa ga masu koyonsa. Aka fara gina ƙaramar igwa ta gwaji, mai faɗin baki inci 14 da tsawon ƙafa wajen 150, aka jingina ta a jikin dutsen Hamrin, arewa da Bagadaza. Babbar kuwa an shirya tsawonta ya zarce ƙafa 500, faɗin bakinta inci 39, yadda ƙato zai iya rarrafawa a ciki. Aka rarraba ƙirar gutsattsarinta ga masana'antun ƙarfe na Ingila da wasu ƙasashen Turai, a takarda aka rubuta bututun man fetur ne.

Igwa mai wannan girma ba ta juyawa, ba ta ɓoyuwa, jirgin sama ɗaya ya isa ya rushe ta, shi ya sa Bull ya ɗauke ta a kan kayan bincike. Masu biyan kuɗin kuwa da tasu niyya. Husaini Kamil, surukin Saddam wanda ya shugabanci ƙere-ƙeren makaman Iraƙi, bayan ya gudu zuwa Jordan cikin 1995 ya shaida wa masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya cewa an nufi igwar da kai hari mai nisa da makantar da taurarin leƙen asiri. Bugu da ƙari, Bull ya taimaka wa Iraƙi wajen gyaran rokokinta masu cin dogon zango, abin da ya fi tsorata Isra'ila da Iran. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

An ba da labari cewa a watanninsa na ƙarshe an sha shiga gidansa ba ya nan, a motsa kaya, ba a ɗauki kome ba. Ran 22 ga watan Maris 1990, da maraice, yana ƙoƙarin buɗe ƙofar gidansa a unguwar Uccle ta Brussels, aka harbe shi ta baya, ya mutu nan take yana da shekara 62. Ba a taɓa kuɗin da ke tare da shi ba. Mafi yawan masu bincike sun ɗora zargi a kan Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, wasu sun ambaci Iran, amma ba a hukunta kowa ba har yau. A cikin watan Afrilu ma'aikatan kwastan na Ingila suka kama bututu 8 a tashar jiragen ruwa ta Teesport. A watan Agusta Iraƙi ta mamaye Kuwait, aka yi yaƙi a farkon 1991, kafin ƙarshen shekarar kuwa masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun lalata abin da ya rage na igwogin. Biyu daga cikin bututun da aka kama suna ajiye a gidan tarihi na Fort Nelson kusa da Portsmouth.

Abin Lura

Ba mu goyon bayan kisan gilla, ko wane ne ya yi shi, domin mai laifi gaban alƙali ya kamata a kai shi. Ba mu kuma musun hazaƙar mutumin nan, wanda ya tashi maraya ya kai inda ya kai. Amma in aka auna abin da ya bari, za a ga babu tauraro ko ɗaya da igwa ta taɓa ɗorawa a sama. Tauraron Nijeriya na farko ma, wanda aka harba cikin watan Satumba 2003, shekara 100 bayan ranar Giginya, roka ce ta Rasha ta kai shi. Abin da ya yi aiki cikin ƙirar Bull shi ne igwogin yaƙi, waɗanda suka hallaka mutane a Angola da kan iyakar Iran da Iraƙi.

Muna jan hankalin malaman makaranta, waɗanda ke da yara masu kaifin ƙwaƙwalwa a gabansu, su haɗa musu lissafi da sanin ya kamata, su koya musu tambayar wanda za su yi wa aiki da abin da zai yi da shi. Akawuna kuma su tuna babbar igwar nan a kan takardun ƙarya ta ratsa ƙasashe, kowace takarda kuwa da wanda ya rubuta ta da wanda ya sa mata hannu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu da wanda zai zame mana abin nadama, amin.