Hidetsugu Yagi: Injiniyan Japan da sunansa ke kan rufin gidaje

Daga Garwa zuwa Damagaram, daga Kumasi zuwa Njamena, wanda ya ɗaga kai zai ga wata eriya mai kama da ƙashin kifi a kan rufin gidaje. Masu gyaran rediyo da talabijin suna kiran ta Yagi. Kaɗan ne suka san cewa sunan mutum ne, kuma mutumin da ƙasarsa ta yi jinkirin gane darajar aikinsa.

An haifi Hidetsugu Yagi a birnin Osaka na ƙasar Japan ranar 28 ga Janairun 1886. Ya karanta fasahar lantarki a Jami'ar Tokyo, ya kammala a 1909. A 1913 ya tafi Jamus, inda ya yi aiki da Heinrich Barkhausen a birnin Dresden. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya koma Landan wurin John Ambrose Fleming, daga nan ya wuce Jami'ar Harvard a Amurka. Bayan ya dawo gida ya zama farfesa a Jami'ar Tohoku da ke Sendai.

A can ne, a tsakiyar shekarun 1920, shi da mataimakinsa Shintaro Uda suka gano yadda za a sa eriya ta fuskanci gefe guda. Dabarar ba ta da wahalar ganewa. Ana jera sandunan ƙarfe a kan doguwar sanda, amma guda ɗaya tak ake haɗawa da waya. Sandar da ke bayanta ta fi ta tsawo kaɗan, ita ce ke mayar da igiyar rediyo gaba. Waɗanda ke gabanta sun fi ta gajarta, su ne ke tattara igiyar su miƙa ta wuri ɗaya, kamar yadda tocila ke tattara haske. Har yau da haka ake gane tsohuwar eriya irin wannan: inda gajerun sanduna suke, nan ta fuskanta. Tsawon sandunan kuma yana nuna aikinta. Ta talabijin ƙanana ne, amma ta rediyon CB mai aiki a kan mita 11, kowace sanda takan haura mita 5.

A 1926 aka ba da takardar mallakar wannan fasaha da sunan Yagi shi kaɗai. A 1928 kuma ya wallafa bayaninta da Turanci a Amurka. Ya yaba wa Uda a cikin rubutun, amma galibin rahotannin Uda da harshen Japananci suke, don haka duniya ta riƙe sunan Yagi ta manta da na mataimakinsa. Masana a yau sun fi son a ce eriyar Yagi-Uda.

A Japan ba a ba ƙirƙirar muhimmanci sosai ba. Birtaniya da Amurka da Jamus kuwa suka ɗauke ta suka sa a na'urorin radar masu hango jiragen sama. Da sojojin Japan suka kama Singafo a 1942, sun samu littafin rubutun wani ma'aikacin radar na Birtaniya wanda ke ta maimaita kalmar Yagi. Ba su gane cewa sunan ɗan ƙasarsu ba ne, sai da suka tambayi fursunan. Abin da aka raina a gida, shi abokan gaba suke yaƙar su da shi.

A shekarar ce Yagi ya zama shugaban Cibiyar Fasaha ta Tokyo, a 1944 kuma aka ba shi jagorancin hukumar fasaha ta gwamnati. A 1946 ya zama shugaban Jami'ar Osaka, amma bai daɗe ba hukumomin mamaya suka hana shi riƙe muƙamin gwamnati saboda rawar da ya taka lokacin yaƙi. Bai zauna haka ba. Ya shugabanci ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Japan, waɗanda ke magana da takwarorinsu na nesa daga gidajensu. A 1952 aka kafa kamfanin ƙera eriya mai ɗauke da sunansa, daidai lokacin da talabijin ke shirin shiga gidajen Japan. An zaɓe shi ɗan majalisar dattawa a 1953, aka kuma ba shi lambar yabo ta al'adu a 1956.

Yagi ya rasu ranar 19 ga Janairun 1976, saura kwanaki ya cika shekara 90. Uda ma ya rasu a cikin shekarar, watanni kaɗan bayansa.