Bature Mai Magani: Rayuwar Likita Stirrett, Darasi Ga Mai Shirin Wa'azi

A ikkilisiyoyinmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ba kowace Lahadi ce ake samun fasto ba. Sau da yawa dattijon ikkilisiya ne, ko katikis, ko malamin makarantar Lahadi, ko saurayin da ya dawo hutu daga makarantar Littafi Mai Tsarki, ake ɗora wa nauyin wa'azi. Wani tun ranar Laraba yake fama da nassi, ga gona tana jira, ga tsoron tsayawa gaban iyayensa da suka girme shi cikin bangaskiya. Domin irin waɗannan 'yan'uwa ne muka kawo tarihin wani bawan Allah wanda ya yi shekara arba'in da shida yana wa'azi da harshenmu na Hausa, wato Likita Andrew Park Stirrett, wanda kakanninmu suka sani da suna Bature Mai Magani.

An haifi Stirrett a shekarar 1865 a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantunan magani a birnin Toronto, yana kuma karatun aikin likita. Mutum ne mai rufin asiri, ba abin da ya rasa na zaman duniya.

A wancan lokaci labarin ƙasarmu ya riga ya kai Kanada, labari ne kuwa mai ban tausayi. A shekarar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai bishara can cikin ƙasar da Turawa suke kira Sudan. A shekarar 1894 zazzaɓi ya kashe Gowans da Kent, Bingham kaɗai ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 ne mishan ɗin da suka fara, wato SIM, ta sami wurin zama a Patigi, a bakin kogin Kwara.

Stirrett ya karanta abin da Bingham ya rubuta game da bukatar wannan ƙasa, maganar ta hana shi sakat. Shekarunsa talatin da bakwai a lokacin, shekarun da ake ganin sun yi yawa ga mai fara koyon sabon harshe a ƙasa mai zafi. Duk da haka ya rabu da kantunansa, ya miƙa dukiyarsa ga aikin mishan, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila, daga can ya iso Nijeriya a 1902. Ya fara zama a Patigi, daga baya ya yi aiki a Wushishi.

Da isowarsa ya ga abin da yake cinye ma'aikatan bishara. A matsayinsa na masanin magani ya nace wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kullum domin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wannan kuwa ya taimaka ƙwarai wajen rage mace-macen da suka kusa kashe aikin tun yana jariri. Ya kuma yi wa mutanen ƙasa magani, daga nan ne sunan Bature Mai Magani ya bi shi.

Amma zuciyarsa tana wajen Hausawa. A wannan zamani, bayan Turawan mulki sun ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnati ba ta barin mishan ta zauna cikin manyan masarautun Arewa, sai a shekarun 1930 ƙofa ta fara buɗewa, musamman ta hanyar aikin jinyar kutare. Stirrett bai zauna yana gunaguni a kan ƙofar da aka rufe ba. Ya lura Hausawa fatake ne, kowace hanya za ka same su. Sai ya riƙa bin su zango zango, yana zama tare da su da yamma bayan sun sauke kaya, yana ba su labarin Yesu da harshensu. Waɗannan fatake kuwa suna komawa garuruwan da shi ba shi da izinin shiga, da abin da suka ji a kunnuwansu.

A shekarunsa na baya ya zauna a Jos, inda haƙar kuza ta tara mutane daga kowace kusurwa ta Arewa. Kasuwar Jos ta zama majami'arsa. Gajeren mutum ne, saboda haka yakan hau kan dutse domin a gan shi, ya ɗaga hoto, ya yi ta bayyana bishara, yau da gobe, har tsufa ya kama shi. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi wajen sau 20,000.

Ya kuma sa hannu cikin abubuwa biyu da muke riƙe da su har yau. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara tare da Likita Walter Miller na CMS a Zariya, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ya kuma yi aiki mai yawa a kan waƙoƙin sujada na Hausa. Ya rasu a Jos a 1948 yana da shekara fiye da tamanin, shekara shida kafin a kafa ikkilisiyar ECWA a 1954.

To, ina mutum ɗaya ya sami ƙarfin yin wannan duka? Abokan aikinsa sun shaida cewa kullum yakan tashi tun kafin ƙarfe huɗu na asuba domin addu'a, kafin ya buɗe baki gaban mutane ya riga ya daɗe gaban Allah. Wannan shi ne tsarin da manzanni suka kafa cikin Ayyukan Manzanni 6:4, inda suka sa addu'a a gaba, hidimar Magana ta biyo baya. Kai ɗan'uwa da za ka yi wa'azi ran Lahadi, kada ka bar addu'a sai lokacin da ake rera waƙa ta ƙarshe kafin ka hau mumbari. Fara da ita ranar da aka ba ka aikin. Yi addu'a a kan nassin, yi addu'a domin mutanen da za su zauna gabanka, ka ambaci sunayensu: gwauruwar da ba ta da mai yi mata noma, saurayin da ake ja da shi ya bar bangaskiya, gidan da ba a ga maciji tsakanin miji da mata.

Abu na biyu, Stirrett ya ɗauki wahalar koyon harshen masu sauraronsa yana babban mutum. Mu da muka sha Hausa a nono, wane uzuri gare mu? Sau nawa mai wa'azi yakan cika maganarsa da Turanci domin a san ya yi makaranta, tsofaffi da mata su tashi ba su tsinci kome ba? Ka karanta nassinka da ƙarfi sau da yawa a gida har bakinka ya saba da shi. Ka ɗauko misalai daga gonar gero da gyaɗa, daga rijiya, daga kasuwar Sara, kamar yadda Ubangijinmu ya yi koyarwa da mai shuka da tunkiya da fitila. Magana ɗaya da aka gane ta fi goma da suka wuce ta kan mutane.

Abu na uku, ya haɗa wa'azi da jinƙai. Kafin mutane da yawa su san shi da wa'azi, sun san shi da magani. A garuruwanmu mu kaɗan ne, maƙwabtanmu Musulmi sun san shigarmu da fitarmu, sun san ko muna biyan bashi, sun san ko muna zuwa gaisuwar rashin lafiya da ta'aziyya. Wa'azin da ya fito daga bakin mai riƙon amana yana da nauyi. Mumbari kuma ba wurin zagin addinin kowa ba ne, ba kuwa wurin rama faɗan da aka yi da wani ɗan ikkilisiya ba. Bitrus ya gargaɗe mu mu ba da dalilin begenmu da tawali'u da ladabi.

Abu na huɗu shi ne haƙuri. Stirrett bai ga taron Hausawa masu bi da yawa da idonsa ba, gama a zamaninsa kaɗan ne suka karɓi bishara. Amma a shekarun 1970 Maguzawa da yawa a ƙasashen Kano da Katsina suka juyo ga Almasihu, suka tarar da Littafi da waƙoƙi suna jiransu da harshensu. Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa aikin wani shuka ne, na wani ban ruwa, girma kuwa daga Allah yake. In ka shirya mako guda ka tarar da mutum goma sha biyu ne a kan benci, yi musu wa'azi da dukan zuciyarka. In gwiwarka tana rawa, tuna Musa da Irmiya ma sun kawo kukan rashin iya magana, Allah kuwa bai sallame su ba.

Mu kuma da muke zaune muna sauraro, akwai namu rabon. Bulus da kansa ya roƙi Afisawa su yi masa addu'a domin a ba shi magana da gaba gaɗi. In manzo ya bukaci haka, balle katikis na ƙauye. Bari zumuntar mata da matasa da dattawa su riƙa tunawa da mai wa'azin mako cikin addu'ar gida.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin bayinka da suka kawo mana Maganarka da harshenmu. Ka dubi kowane ɗan'uwa da yake shirin wa'azi a wannan mako. Ka tsarkake zuciyarsa, ka buɗe masa nassi ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, ka kawar masa da tsoro da girman kai, ka ba jama'arka kunnen ji. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.